Ranar da Muka Kai Inna Bakin Teku

Akwai yini guda a rayuwata da ba na jin zai fita daga kaina sai ranar da aka rufe ni da ƙasa. Na manta abubuwa da yawa, yanzu har sunayen wasu jikokina sai an tuna mini, amma ranar da na ƙetara da mahaifiyata zuwa ƙasar Dahomi muka dawo a yinin, tana nan daram a zuciyata. Lokacin Turawa ba su tafi ba, saura 'yan shekaru a samu mulkin kai. Ina da shekara talatin ko kusa da haka, ga ƙarfi a jiki, ga kuma zafin kai wanda har yau bai gama sakina ba.

Mu mutanen wani ƙauye ne kusa da Ɗanzomo, a ƙasar Gumel. Ni ne auta a ɗakinmu, kuma Inna ba ta taɓa ɓoye son da take mini ba. Ko da na yi gemu, in na shigo gida sai ta ɗauko mini wani abu da ta ɓoye a ƙasan kwalla. Amma akwai babban wanmu, ɗanta na fari, wanda ban san shi ba sai a labari, don ya bar gida ina ɗan shekara biyar. Abin da na taso ina ji shi ne, a shekarar da fara ta cinye amfanin gona, Baba ya tafi ci-rani, Yaya ya buɗe rumbu ya kwashi irin shuka. A wajenmu kuwa maigida kaɗai ke buɗe rumbu, balle irin da za a shuka. Baba ya dawo ya kore shi, ya bi hanyar Damagaram, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Da wannan labarin na girma, kuma ba zan ɓoye ba, na girma ina jin haushinsa.

Yaran yanzu suna jin labarin kunyar ɗan fari suna dariya, amma a zamaninmu ba abin wasa ba ce. Uwa ba ta faɗin sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta yabonsa, ba ta shigar masa faɗa ko da shi ne mai gaskiya. Inna kuwa ta fi kowa riƙon wannan a ƙauyenmu, har misali ake yi da ita. Tunda nake ban taɓa jin sunan Yaya a bakinta ba. In abin ya zama dole, sai ta ce yaron nan, ta ja bakinta ta yi shiru.

Baba ya rasu, shekaru suka shuɗe. Ni kuma na shiga aikin rakiyar shanun wani attajiri zuwa Ikko. Wata ranar kasuwar Maigatari ina tsaye a kara, sai wani tsohon sojan Faransa ya zo ya ƙare wa zanen fuskata kallo, ya tambaye ni gidanmu. Da na faɗa masa, ya kama hannuna ya ja ni gefe. Ya ce ya baro wani mai irin zanena a zangon Kwatano, can bakin teku a ƙasar Dahomi. Tare suka yi soja, daga baya mutumin ya kama sana'ar fawa, ya yi aure a can, har da 'ya'ya. Ya faɗi sunansa da sunan mahaifinmu, bai yi kuskure ba. Sannan ya ce, "Amma tari ya ci ƙarfinsa. In akwai mai son ganinsa, kada ya ce sai baɗi."

Na iske Inna tana kaɗi na ba ta labari. Ba ta ɗago kai ba, mazarin ma bai tsaya ba. Na ce a raina shi ke nan, ta shafe babinsa, kuma wallahi har daɗi na ji. Sai bayan kwana uku ta kira ni ta ce, "Auta, wannan karon in za ka Ikko da ni za ka. Ana ta ba ni labarin wani ruwa da ba shi da ƙarshe, ina so in gan shi kafin in mutu." Matar da ko Kano ba ta taɓa zuwa ba, wai teku take marmari. Na gane, ita ma ta san na gane. Kwana biyu ta yi tana soya riɗi tana yin kantu, ta ƙulle shi a farin ƙyalle, ta hana kowa taɓawa, har ni.

Muka hau jirgi a Gagarawa Tasha, muka canza a Kano, muka yi ta tafiya har ƙafafunta suka kumbura. Ba ta yi ƙorafi ko sau ɗaya ba. Mai masaukinmu a Agege ta Ikko, da ya ji abin da ke tafe da mu, ya ce matsalar ita ce ba mu da takardun ƙetare, amma akwai wani mutum da sana'arsa ke nan, ya ɗauki baƙi a motarsa su kaɗai, ya kai su Dahomi ya zaga da su, ya dawo da su a yinin. Ya aika aka kira shi.

Wani gajeren Bayarabe ne mai tumbi, ya haura hamsin, haifaffen can ƙetaren, da agogon aljihu mai sarƙa wanda yake cirowa kowane lokaci kamar mai tsoron kada a sace masa rana. Hausarsa ta zango ce, a karye take, amma babu abin da ba ya iya faɗa da ita. Tun kallon farko bai kwanta mini ba, don surutunsa ya yi yawa. Ya durƙusa ya gaida Inna, ya kira ta Iya, sannan ya juyo gare ni ya ce, "Ɗan'uwa, sharaɗina ɗaya ne. Masu tsaron iyaka fuskata suka sani, da sunana za su ba ku takardar yini guda. In rana ta faɗi suna sauke sandar hanya. In ba mu dawo kafin nan ba, ku za a tsare, ni kuma sana'ata ta mutu." Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, mu ba yawon buɗe ido muka zo ba.

Ana idar da sallar asuba muka kama hanya a wata tsohuwar baƙar mota, Inna a baya rungume da ƙullinta, ni a gaba. Kurmi ta ko'ina, duhun itatuwa, ga bishiyoyin manja har ba a ganin sama sosai. Jagoran nan bakinsa bai huta ba. Wannan gari kaza ne, wancan kogi kaza ne, nan aka yi yaƙi zamanin kakanni. Da muka isa iyaka ya sauka yana raha da 'yan duwan, wato kwastan, da jandarmomi masu tsaron iyaka cikin Faransanci, suka leƙo suka kalle mu, suka buga hatimi, aka ɗaga sanda. Muna wucewa sai na ga ya karkatar da mota ya koma hannun dama, ga wata babbar mota tafe. Na damƙi kafaɗarsa na ce, "Kai, kashe mu za ka yi?" Ya yi dariya har tumbinsa na rawa, ya ce a ƙasar Faransawa ta dama ake bi. Inna ma sai da ta murmusa, ta ce, "Auta, zauna, ka bar mai aiki da aikinsa." Na cika na yi fam.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne Inna. Matar da ba ta cika magana da baƙo ba, sai ga ta tana ta jero wa mutumin nan tambayoyi. A babban garin da muka fara ratsawa ya nuna mana wani masallaci mai fenti kala-kala, ta ce a tsaya ta duba. Ta ga gidaje a kan sanduna cikin ruwa, ta ce a tsaya. Ta ga mata na fasa kwakwa, ta ce a tsaya. Ni kuwa ina ta ƙuna, ina cewa rana na tafiya. Sai da na tsufa na gane ba kallo take so ba. Tsoron isa take yi, shi kuma jagoran tun a lokacin ya gane, shi ya sa duk son agogonsa bai taɓa ce mata a'a ba.

Rana ta kusa tsaka muka shiga zangon Kwatano. Jagora ya juya baya ya ce, "Iya, yaya sunan ɗan naki?" Inna ta kau da kai tana kallon taga kamar ba da ita ake ba. Na harare shi na ce, "Ana tambayar uwa sunan ɗan fari? Ni za ka tambaya." Na faɗa masa. Ya dube ni, ya dube ta, ya ja mota. Muka je wajen mahauta, nan take aka haɗa mu da wanda ya nuna mana gidan.

Ɗan ƙaramin gida ne mai rufin kwano, da tsakar gida cike da yashi. Matarsa ce ta fara fitowa, wata doguwar mace 'yar ƙasar, ba ta jin Hausa sai kaɗan. Da jagora ya faɗa mata ko su wane ne, ta zube a gaban Inna ta kama ƙafafunta tana kuka. Sannan muka ji tari daga cikin ɗaki, aka ɗaga labule, wani dogon mutum ya fito yana dafa bango. Ban taɓa ganin rama irin wannan ba. Amma goshin na Baba ne, idanun kuma na Inna, ba wanda zai yi musu. Ya tsaya yana kallonta. Ya durƙusa tun daga nesa ya ce, "Inna, sannu da zuwa. Kun sha hanya." Inna ta juya fuskarta wajen bango ta ce, "Lafiya lau." Iyakar abin da ta ce ke nan.

Aka shimfiɗa mata tabarma. Aka kawo jikoki uku, ta jawo su jikinta, ta shafa kansu, ta kira babban cikinsu mijinta, ta ce ina cefanen da ya yi mata, yara na dariya ko da ba su ji me take cewa ba. Ta kwance ƙullin kantu ta miƙo mini ta ce, "Ba yaran nan." Na raba musu. Surukar ta kawo tuwon masara da miyar kifi ja wur da manja, Inna ta daure ta ci, ta sa mata albarka, jagora na fassarawa. Kowa a gidan nan ya samu kalma daga bakinta, har maƙwabciyar da ta leƙo, ban da mutum ɗaya. Yana zaune a bakin ƙofa, yana murza hularsa a hannu. Sau biyu ya buɗe baki, sau biyu ta juya ta kama wasa da jika.

Ni kuwa, Allah ya yafe mini, alfahari nake yi. Ina cewa a raina, ku gani, haka matan ƙasarmu suke, shekara ashirin da biyar ba ta sa ta zubar da kunyarta ba. Jagora ya matso ya raɗa mini, "Fushi take da shi?" Na ce, "Ba ka san al'adarmu ba, ka tsaya a tuƙinka."

Bayan azahar Yaya ya yafito ni, muka zaga bayan gida inda yake shanya fatu. Ya daɗe yana kallona, ya ce, "Auta, kai ne ka zama haka? Na bar ka cikinka ya fi kanka girma." Ban yi dariya ba. Ya ɗauki wani guntun kantu da ya karɓa a hannun ƙaramar 'yarsa, ya kai hanci ya shaƙa, bai ci ba. Ya ce, "Har yanzu ba ta yafe mini ba ko?"

Na ce, "Haba Yaya, kai ma ka san kai ɗan fari ne. Da ba ta yafe ba me zai kawo ta nan?"

Ya ce, "Na san ni ɗan fari ne. Ranar da Baba ya kore ni ma na sani. Na tsaya a bakin zaure, na daɗe ina jira ta ce uffan. Tana tsakar gida tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Tun ranar nake tambayar kaina, kunya ce ko kuwa ita ma ta yarda ni ɓarawo ne. Shirun iri ɗaya ne, Auta, ta yaya mutum zai bambance?"

Zafin kaina ya motsa. Na ce, "To ai kai ka ja. Wa ya aike ka ka taɓa irin shuka?"

Ya dube ni da mamaki, ya ce, "Ba su gaya maka ba?" Tari ya sarƙe shi, sai da ya lafa ya ci gaba. Ya ce a shekarar nan kwana uku muka yi ba a ɗora tukunya ba sai tafasa da ganye. Ni ne ƙarami, na yi kuka har murya ta ɗauke, na kwanta ba na motsi. Inna ba ta ce masa ya buɗe rumbu ba, ba za ta iya ba, amma ta ajiye ƙwarya a gindin rumbun ta shige ɗaki. Shi ya hau ya ɗebo, ita ta daka ta dama kunu, aka ɗura mini. Ya ce, "Ba na nadama. Ga ka nan, ƙato da kai. Abu ɗaya kawai nake so in sani kafin in tafi, kuma na ga alama ba zan sani ba."

Jama'a, ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Geron da na yi shekara ashirin da biyar ina zagin mutumin nan a kansa, a cikina ya ƙare. Kunya ta rufe ni, na kasa ko ba shi haƙuri. Na tashi da niyyar in je in ce wa Inna ta yi masa magana, amma da na iso na gan ta a tsakiyar mata, don zuwa lokacin rabin matan zango sun cika gidan suna kallon tsohuwar da ta zo daga Arewa, sai na fasa. A gaban wannan taron ko wuƙa aka sa mata a wuya ba za ta yi ba.

Muna idar da la'asar jagora ya ciro agogonsa ya ce lokaci ya yi. Inna ta miƙe ta fara sallama da mata, Yaya ya sunkuyar da kai. Sai jagoran ya tafa hannu ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Saura abu ɗaya. Ni ban taɓa kawo baƙo ƙasar nan ya koma bai ga teku ba. Iya ma an ce mini don shi ta zo. Maigida, kai ne ɗan gari, taso ka raka mu. Motar ba ta ɗaukar fiye da mutum huɗu, sauran ku yi haƙuri."

Na bi shi wajen mota ina huci. Na ce, "Kai wane irin mutum ne? Ka ga halin da ake ciki, kai ta kallon ruwa kake? Ba kai ka ce za a rufe hanya ba?" Ya buɗe mini ƙofa ya ce, "Ɗan'uwa, da safe Iya ta ce ka bar mai aiki da aikinsa. Shiga."

Tun kafin mu gan shi muka fara jin rurinsa. Jagora bai tsaya inda mutane suke ba, ya wuce can gaba inda babu kowa sai bishiyoyin kwakwa da wani tsohon kwalekwale a kife. Muka sauka. Ni da na saba da Ikko na taɓa ganin teku, amma ban taɓa tsayawa kusa da shi haka ba. Ruwa ya taso ya fi tsayin mutum, ya faɗo da ƙara, ya ja da baya, wani ya biyo. Inna ta tsaya ta riƙe mayafinta da iska ke fizga, tana ta salati. Na yi mata magana a kusa da kunne, ta girgiza kai alamar ba ta ji.

Jagora ya kama hannuna ya ce in zo ya nuna mini gadar ƙarfe da ta shiga cikin teku, inda ake yi wa jiragen ruwa lodi. Na ce ba na so. Ya matse hannun, ashe gajeren nan ƙarfi gare shi, ya ja ni muka yi nisa. Sai da muka kai inda su Inna suka zama 'yan ƙanana sannan ya sake ni. Ya sa baki a kunnena ya ce, "Ka ce ban san al'adarku ba. Shekara nawa ina ɗaukar mutanenku a motar nan. Kunyarku ta idon mutane ce da kunnensu. A nan babu ido, ruwa kuma ba ya barin kunne ya ji. Kai ne ido na ƙarshe da ya rage, shi ya sa na janye ka. Kalli gada."

Na kalli gada, amma ban iya daurewa ba, na saci kallon baya. Inna na tsaye tana fuskantar ruwa, Yaya na tsugune a bayanta, 'yar tazara tsakaninsu. Sun daɗe a haka, har na fid da rai. Jagora ya ciro agogo ya duba, na ga fuskarsa ta canza. Ya dubi rana, ya dubi su Inna, ya mayar da agogon aljihu ya harɗe hannuwa. Mutumin da sana'arsa ke rataye a kan sandar nan, ko tari bai yi ba.

Can sai na ga Inna ta juya. Ta yi taku biyu, ta sunkuya. Ban ji komai ba, kuma na gode wa Allah da ban ji ba. Na dai ga Yaya ya ɗago kai kamar wanda aka tasa daga barci, na ga ta dafa kansa da hannu biyu, shi kuma ya kifa fuskarsa a kan ƙafafunta, kafaɗunsa na jijjiga. Ta cire mayafinta ta lulluɓa masa saboda iska. Ni da ake ce wa mai taurin zuciya, na tsuguna a yashi na yi kuka kamar yaro, jagora ya juya mini baya ya bar ni.

Da muka dawo wajensu, Inna ta riga ta koma yadda take. Ta ce, "Auta, ruwan nan da girma yake." Na ce, "Da girma, Inna." Muka sauke Yaya a bakin zango. Na kama hannunsa na ce ya yafe mini, ya ce, "Me ka yi? Yunwa ce ta yi, ba kai ba." Fuskarsa ta sake, har wani haske ta yi. Inna ba ta kalle shi ba da motar ta tashi, amma mayafin na kafaɗarsa, ba ta karɓa ba.

Gudun da mutumin nan ya yi da mu a hanyar dawowa, har yau in na tuna sai na yi salati. Surutu ya ƙare, ba gari kaza ba kogi kaza. Muna hango iyaka rana ta riga ta nutse, sandar tana ƙasa. Ya sauka ya cire hularsa, ya daɗe yana magana da babban jandarman, yana nuna Inna. Mutumin ya zo ya leƙa, ya ga tsohuwa ba mayafi, ƙafafu duk yashi. Ya yi wa jagora faɗa sosai, ya kaɗa masa yatsa a fuska, sannan ya sa aka ɗaga sandar. Da muka wuce na tambaye shi me ya gaya masa. Ya ce, "Gaskiya na faɗa masa. Shi ma uwa ce ta haife shi." Na ba shi haƙuri a kan maganganun da na yaɓa masa tun safe. Ya ce ba komai, ya saba, duk ɗan Arewa sai ya yi yini guda kafin ya huce.

Muka dawo gida, Inna ba ta taɓa tayar da zancen ba, ni ma ban tambaya ba. Da damina ta yi nisa, gero ya fi tsayin mutum, sai ga wasiƙa da ajami daga limamin zangon, ta hannun mai masaukinmu. Malamin ƙauyenmu ya karanta mana a zaure, Inna na jin sa daga bayan danga. Yaya ya rasu, an yi masa sutura yadda ya kamata. A ƙarshen takardar akwai saƙon da ya bari: a gaya wa Inna, sunan da ta kira ya ji shi, kuma ya ishe shi guzuri. Inna ta yi salati, ta ɗauki buta ta shige ɗaki. Ba wanda ya ga hawayenta, kuma mata suka yi ta yabon dauriyarta. Ni kaɗai na san abin da takardar ke nufi.

Washegari ina gona, 'yata ta fari ta kawo mini fura. Shekararta bakwai, kuma tunda aka haife ta ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa ɗaukarta ba, sai dai ke yarinya, ajiye can. Ta ajiye ƙwaryar ta juya za ta tafi. Na duba gabas na duba yamma, ba kowa sai gero da iska. Na kira ta da sunanta. Ta tsaya tana waige-waige, tana neman wanda ya yi kiran, don ba ta san muryata da wannan sunan ba. Na sake kira, na ce ta zo mu sha tare.

Ban ce a zubar da kunya ba, ni ma har yau a gaban mutane ina yinta. Abin da yinin nan ya koya mini shi ne, wanda kake yi wa shiru ba ya ganin cikin zuciyarka, kuma zai iya mutuwa yana zaton ƙi ne. Inna sai da ta ƙetare ƙasa, ta samu baƙon da ya sa sana'arsa a kasada saboda ita, sannan ta faɗi abin da ta riƙe shekara ashirin da biyar, kuma saura ƙiris ta makara. Mu a ƙasar Gumel ba mu da teku, amma kowa na da inda ido ba ya kaiwa. In kana da wanda kake so kana jin nauyin faɗa masa, ka ja shi can tun yana da rai, ka kira shi da sunansa.